Akwatin Kakan Sitaci

Mijin yayata wanki da guga yake yi, kuma tsakani da Allah ya iya. In ya goge maka wando, karinsa sai ya nemi yanka maka yatsa. Da ya tsaya iya nan da an zauna lafiya, amma bawan Allahn nan bakinsa ya fi dutsen gugarsa zafi. Sitaci ake ce masa a unguwa, saboda yadda yake tafiya a sanƙare, wuya a miƙe, hannu ba ya lanƙwasa. Shi kuwa duk a zatonsa yabo ne, har amsawa yake da murmushi.

Ciwon da ke cinsa guda ɗaya ne, shi ne babban wanmu. Alƙali ne mai ritaya, irin mutanen da ko gaisuwa za su amsa sai ka ji kamar an yanke maka hukunci. Tun ranar da Yaya ta ce ita mai wanki take so ya ce ta yi asara, kuma shekara goma sha tara bai janye maganar ba. Shagon da Sitaci ke aiki a jikin ginin Alƙali yake, ya ba shi ne don kada ƙanwarsa ta wulaƙanta, kuma shi ya jawo masa abokansa, su Likita da Manaja, suke kawo masa wanki. In an yi taron dangi, sauran surukai suna falo a kan kujeru masu laushi, Sitaci yana benci a baranda tare da direbobi. Yaya ba ta da makami sai ɗaya. Duk wanda ya taɓa mijinta sai ta ce, "Ba shi da komai, amma yana da amana. Ko allura aka manta a aljihu sai ta koma gidan mai ita." Da wannan take rufe bakin dangi, har da nawa.

Ni malamar makaranta ce, kuma ni ke rubuta wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu abin da za ta yi duk shekara. Na bana labarin zamanin kakannin kakanni ne: wani attajiri mai ji da kansa, da matarsa mai surutu, da baransa da yake gasa wa aya a hannu. Attajirin na ba Mai Aski, don shi ya saba. Sitaci ya daɗe yana damuna in sa shi, sai na ba shi baran. Maganarsa guda ce tal, zai shigo da baho ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ruwan."

Washegari sai ga shi a ƙofar ajina, ya riƙo takardar da yatsu biyu kamar tsumman da aka share kwata. Ya ce ashe har ni, ƙanwar matarsa, da hannuna zan rubuta masa bauta. Ya ce a gidan Alƙali benci, a wasa ma baho? Na ce masa Mai Aski ya riga ya haddace nasa, kuma ni abin da ya dame ni yanzu ba rabon matsayi ba ne, sutura ce, don ba mu da ko hular da za ta yi kama da ta mutanen da.

Nan take ya gyara tsayuwa. "Sutura? Ai kin zo gidanta. Akwatin kakana yana nan, ko buɗe shi ba a yi ba tun rasuwarsa."

Na ce wane kaka, ni da na san mahaifin babansa da jaki yake ɗebo yashi.

"Na wajen uwa," in ji shi. "Attajiri ne. Mutum biyu ke ɗaura masa ɗamara. Ki ba ni attajirin, in tufatar da ku duka, har da mai jan labule."

Na san ƙarya yake, wallahi na sani. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala, na ce a raina wataƙila haya zai ɗauko a wani wuri don ya fita kunya, ni ina ruwana. Na lallashi Mai Aski ya koma ɗan'uwan attajiri, Direban motar makaranta ya karɓi bahon, aka naɗa Sitaci.

Daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. Ya daina amsa sallama sai da ɗaga gira. Ya samo sandar labule ya riƙa dogarawa, yana taku ɗai-ɗai daga shago zuwa famfo, yana tsayawa a tsakiyar titi ya dubi sama. Mai Shayi ya tambaye shi ko basir ne ya tashi, ya ce masa talaka bai san tafiyar manya ba. Mai Faci ya ce in tafiyar manya ce to manyan nan ƙaya suka taka. Matan layi kuwa har kujeru suke fitowa da su da yamma don kada ta wuce su.

Wurin gwaji ya fi muni. Jimla uku ba ta zama a kansa, amma in ya ga dama sai ya ƙaro goma daga aljihunsa. Na rubuta attajiri ya ce wa bara ya fita, shi kuwa sai ya ɗora da huɗuba a kan yadda ake wanke farin yadi. Na tsayar da shi, ya ce ai babban mutum dole ya san komai. Ya ce kujerarsa ta yi gajarta, aka sa mata bulo. Ya ce bahon da babu ruwa raini ne ga masu kallo, sai an cika shi fal ranar wasa. Duk lokacin da na tambayi akwati sai ya ce kayan kakansa ba na gwaji ba ne, iska ma ba ta taɓa su sai ranar.

Ana cikin haka shago ya fara haɗiye kayan mutane. Direban Alƙali ya zo sau uku neman baƙar rigar shari'a da maigidansa ya kawo a wanke, don za a ɗauki tsofaffin alƙalai hoto. Sitaci ya ce ba ta bushe ba, alhali ranar da ake yi ko ƙwai ka ajiye a ƙasa sai ya soyu. Matar Likita ta aiko a karɓo labulen falonta, ya ce irin wannan yadi sai ya kwana bakwai a inuwa. Manaja ya zo da kansa neman rigunan matashinsa, ya koma da bayani mai tsawo a kan gawayin guga. Ni duk wannan daga baya na ji shi, da na ji a lokacin da na haɗa biyu da biyu.

Sai kuma ya yi abin da ya fi kowanne. Ya sa aka buga katin gayyata, ya bi gidajen masu kawo masa wanki ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa da hannunsa, ya ce an keɓe musu layin gaba. Yaya ta ce masa ya bar manya su huta, wasan unguwa ne, in an yi kuskure a yi shi a cikin gida. Ya ce ai don su ake yin abin.

"So nake wan naki Alƙali ya ɗaga kai ya kalle ni sau ɗaya," in ji shi. "Ni a sama, shi a ƙasa."

Ta tambaye shi zancen akwatin da take ji a bakin mutane, ita da ta share ɗakinsa shekara goma sha tara ba ta taɓa cin karo da shi ba. Ya ce a shago yake, kuma mata ba su san komai a kan gado ba. Yaya ta ɗauki mayafinta. Ta je gidan Alƙali da ƙafarta ta roƙe shi ya zo, ta ce mijinta ya yi wahala a kan abin nan, ko minti goma ne ya zauna. Ya ce zai zo saboda ita.

Ranar wasa, ƙarfe huɗu za a fara. Uku da rabi sai ga Sitaci da akwatin ƙarfe a kan baro, yana korar mutane daga hanya. Ya buɗe a bayan dandamali, ƙamshin sabulu ya bugi hancina. Na ce kakan nan ashe jiya ya yi wanki. Ya ce kayan kirki ba sa tsufa. Na ɗaga wata kwat na ga ɗinkinta duk a waje, aljihuna suna reto kamar kunnen akuya.

"Haka mutanen da suke ɗinki," in ji shi. "Ba su da abin ɓoyewa."

Gaskiyar magana ita ce, kayan mutane ne ya juya su bai-bai. Hikimarsa wai mai kaya bai san cikin kayansa ba, mai wanki ne ya sani. Kwat ɗin Likita ce ya ba Mai Aski, ta yi masa yawa har sai da aka cusa masa matashin kai. Labulen Matar Likita ya naɗa wa Mai Kitso, wadda ke fitowa a matar attajiri. Shi kuwa ya zura rigar Alƙali, jan shafinta a waje, ta sha sitaci har tana iya tsayawa da kanta.

Akwai kuma abin da ban gani ba sai da lokaci ya ƙure. Sitaci idonsa ya yi rauni, kuma ya ce tabarau na tsofaffi ne. Don haka duk kayan da aka kawo sai ya ɗinka masa farin ƙyalle daga ciki, mai faɗin tafin hannu, ya rubuta shaidar mai shi da baƙar tawada, manya-manyan baƙaƙe, in zai mayar ya cire. Kuma ba sunan mutum yake rubutawa ba, sunan da shi ya raɗa masa a ransa yake rubutawa. Cire ƙyallayen a ranar zai sa ya kasa gane na wa da na wa, sai ya naɗe kowanne ya soke shi da fil ɗaya.

Zauren makaranta ya cika har taga. Alƙali yana tsakiyar layin gaba, hannu a kan sanda, fuska kamar an kawo masa mai laifi. Likita da matarsa suna damansa, Manaja yana hagu. Yaya tana can gefe a layi na biyu, ta sa mayafinta mai kyau, tana ta murza yatsu. Ni ina bayan labule da takarda, don in tuna wa wanda ya manta.

Aka ja labule. Sitaci ya fito, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya cika ido. Ja wur, kafaɗu kamar ƙofa. Aka yi tafi. Tafin ne ya kwashe masa abin da ya haddace kaf. Ya tsaya yana kallon Alƙali, Alƙali yana kallonsa. Na raɗa masa farkon maganar sau uku, na huɗu har na baya suka ji, suka maimaita masa da ƙarfi. Ya ɗaga musu hannu wai ya gode.

Ya nufi kujerarsa zai zauna, riga ta ce ba da ita ba. Ya lanƙwasa gwiwa, ta ƙi. Ya danna da ƙarfi, ta yi ƙara kamar an taka busasshen kwali, ƙasanta ya tashi sama ya tokare masa haɓa. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suka kwashe da dariya. Shi kuwa jin dariya sai ya ƙara kumbura, ya tashi ya sake zama don a sake.

Mai Kitso ta shigo tana zuba surutu yadda na rubuta mata, tana juyi a cikin mayafinta mai furanni. Na hango Matar Likita ta daina dariya. Ta sunkuyo gaba, ta ƙanƙance ido, ta taɓa mijinta. Mace ko a duhu ta san labulen falonta, balle ga zobban rataye suna ƙara a gefen ƙafar Mai Kitso. Ana haka Mai Kitso ta yi wani juyi mai ƙarfi, fil ya fita, farin ƙyalle ya warware a gadon bayanta. Wani daga layi na uku ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Rediyo."

"Labulena ne," in ji Matar Likita, ta miƙe tsaye. "Wace ce Rediyo?"

Rabin zauren sun san amsar, kuma dariyar da aka yi ta gaya mata. Likita yana jan hannunta ta zauna, yana cewa ta bari a gama, ai labule da yawa suke kama. Sai Mai Aski ya shigo da tumbinsa na matashi, ya durƙusa zai gai da attajiri, ya juya wa jama'a baya. Nasa ƙyallen tun a bayan dandamali ya saki. An rubuta "Tumbi", ga kuma tabon tawadar biro a aljihun ciki, wanda Likita ya san ranar da ya yi shi. Likita ya saki hannun matarsa, ya dubi cikinsa, ya dubi kwat. Manaja yana ta ƙyaƙyata har da buga ƙafa, sai matashin ya sulluɓo daga cikin Mai Aski ya gangaro gabansa, da rigar matashin gidan Manajan, da shaidarsa a jiki: "Wari". Dariyarsa ta ɗauke.

Mai hankali a nan zai sa a ja labule. Na yi wa mai jan labulen alama, Sitaci ya daka masa tsawa daga kan kujera ya ce kada ya kuskura, ba a kai wurin da ya fi iyawa ba. Ya ɗaga murya ya ce wa jama'a kayan kakansa ne, in sun yi kama da na wani to wancan ne ya kwaikwaya. Matar Likita ta ce kakan nasa a falonta ya rasu ke nan. Ya ce da ita mata ba sa magana in attajiri yana magana. Ta ce attajirin da ke wanke mata zanin gado?

Direban makaranta, bawan Allah, shi dai an ce masa in ya ji an ambaci ruwa ya shigo. Ya ji Matar Likita tana rantsuwa sai ta shayar da Sitaci ruwan sabulu, sai ya shigo da baho cike fal, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ruwan." A rubuce, attajiri zai bi shi da sanda su zaga kujera sau biyu. Sitaci ya ga hanyar tsira, ya zabura da sandar labulensa. Zagaye na farko lafiya. A na biyu ƙafarsa ta ci karo da bulon da ya sa aka ɗaga masa kujera, ya tafi gaba ɗaya, ya zauna daram a cikin bahon.

Ruwa ya yi tsalle har layin gaba. Sitacin da ya ɗura wa rigar ya narke ya koma kamar koko, jan shafin ya fara zuba, ruwan ya zama ja. Ya yunƙura zai tashi, santsi ya mayar da shi. Ya sake yunƙurawa, rigar ta zame ta kifo masa ta ka, baƙin gefenta ya bayyana, da faffaɗan hannuwanta da duk wanda ya taɓa shiga kotu ya sani. Ƙyallen yana lilo a daidai goshinsa, tawadar ko gezau ba ta yi ba. "Hura Hanci."

Wannan karon babu wanda ya karanta da ƙarfi. Zauren ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga bakin dandamali. Alƙali ya ciro tabarau, ya goge ruwan da ya fantsamo masa, ya saka, ya karanta a nitse kamar takardar ƙara. Rigar nan shekara talatin ya yi yana shari'a a cikinta. Ya juya ya dubi Yaya.

Ni kunya ta kama ni, kuma haushin kaina ya fi na Sitaci, don da hannuna na ba shi igiyar. Amma da na dubi Yaya sai na manta da kaina. Ta tashi, ta bi ta gefe ta hau dandamali, mayafinta mai kyau yana jan ruwa. Ta warware labulen daga jikin Mai Kitso, ta tsinke ƙyallen da haƙori, ta ninke shi kusurwa da kusurwa. Ta karɓi kwat daga Mai Aski, ta juya ta daidai, ta kakkaɓe. Ta zo kan mijinta, ta zare rigar daga kansa ba tare da ta dube shi ba, ta matse ta a hankali. Ya rage daga shi sai singileti da gajeren wando, a zaune cikin jan ruwa. Yana ce mata ƙasa-ƙasa ta bari a ƙarasa, saura fitowa ɗaya, kuma aro ne kawai ya yi, da safe zai mayar.

Ta sauko ta miƙa wa kowa nasa da hannu biyu, tana ba da haƙuri. Matar Likita ta buɗe baki za ta fara, ta ga fuskar Yaya, ta rufe. Yaya ta zo gaban Alƙali da jiƙaƙƙiyar rigar, ta durƙusa ta ɗora masa a kan gwiwa.

"Yaya," ta ce, muryarta ba ta ko rawa, "shekara goma sha tara kana cewa na yi asara, ina ce maka yana da amana. Yau ka ci shari'arka."

Na rantse da a ce ya yi murna da na tsane shi har abada. Bai yi ba. Ya dubi ƙanwarsa. Ya miƙe ya kama hannunta ya tashe ta, ya ce wa direbansa ya kawo mota bakin ƙofa, kuma gobe a sa wa shagon sabon kwaɗo a ba ta makullin, ita ta san abin da za ta yi da shi. Suka fita tare, jama'a suna buɗa musu hanya.

Zauren ya watse ba tafi ba sallama. Na tsaya ina tattara takarduna cikin takaici. Sitaci ya samu ya fito daga bahon, ruwa yana bin ƙafafunsa, ya tako inda nake da tafiyar nan tasa ta manya. Ya tambaye ni ko na lura Alƙali bai ɗauke ido daga kansa ba tun daga farko har ƙarshe. Na ce na lura. Ya gyaɗa kai, ya leƙa ƙofa, ya ce to ina Yayar taki, ta kawo masa wando mana.

Na ce masa ta tafi.